Rokar ɗalibaina tana alkafura a sama, kuma wani yaro na so ya ɗura mata albarushi

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da fiziks a wata sakandare, kuma tun farkon zangon nan nake fama da wani aiki tare da 'yan aji biyar. Mun haɗa roka ta ruwa. Gorar lemo ce ta roba mai lita ɗaya da rabi, muka yanka kwali muka manna mata fiffike 3 da salatif, muka huda toshiya muka cusa bawul ɗin tsohon tib na keke, muka zuba ruwa, muka yi ta bugawa da famfo har ta ƙwace ta tashi. Tashi kam tana tashi, yara har ihu suke yi. Amma da zarar ta kai tsayin darbejiyar da ke bakin fili sai ta fara alkafura, ta karkace, ta faɗo. Sau 9 muna gwadawa, abu ɗaya ne.

Abu na biyu shi ya fi damu na. Yaron da ya fi kowa ƙoƙari a ajin ya same ni bayan an tashi, ya ce kawunsa maharbi ne, zai samo albarushi ya ɗura a cikin guntun bututun ƙarfe, wai ruwa wasan yara ne. Na hana shi, na ce akwai haɗari. Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyon mutanen Amurka suna harba manyan rokoki a fili, da mata da yara suna kallo. Ya ce, Malam, su me ya sa ba a hana su ba? Gaskiya ban iya ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya 'Yar Funtuwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. Ina zaune a Texas, kuma shekaru ke nan ina cikin wata ƙungiyar masu wannan sha'awar, don haka bari in fara da ta farko, ita ce mai sauƙi.

Rokarka ba ta da nauyi a ka. Ka tuna kibiya: ƙarfe a gaba, kyauro mara nauyi a baya, shi ya sa take tafiya da kai. Kowace roka tana da wurare 2 da ake lura da su. Akwai tsakiyar nauyinta, wato inda za ka ɗora ta a kan yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Akwai kuma inda iska ke tattara turinta a jikin rokar, wanda fiffike ke jan sa zuwa baya. Dole tsakiyar nauyi ta kasance gaba da wancan wurin, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikin rokar. In suka sauya wuri, alkafura ce kawai.

Ka yanko saman wata gorar ka yi mata hanci, ka cusa dunƙulen yumɓu a ciki. Fiffiken kuma ka mayar da su can ƙarshe, su ma leƙa bayan bakin gorar, kuma ka daina amfani da kwali, yana jiƙewa ya lanƙwashe. Robar tsohon fayil ta fi. Kafin ka harba, ɗaura igiya a tsakiyar nauyin, ba ruwa a ciki, ka sa yaro ya wulwula ta sama da kansa. In hanci ya ja gaba, ta yi. In ta yi gicciye ko ta tafi da baya, ƙara yumɓu. Ruwa kuma kashi ɗaya cikin uku na gorar ya isa. Nawa kuke zubawa?

Malamin Kimiyya:
Muna cika ta fiye da rabi, Injiniya. Mun ɗauka yawan ruwa shi ne yawan ƙarfi.

Injiniya 'Yar Funtuwa:
To ga matsala ta biyu nan. Ƙarfin yana cikin iskar da kuka matse, ruwan shi ne abin da take jefawa baya. In ruwa ya cinye gurbin iska, kun ƙara kaya kun rage mai ɗauka. Sannan a kiyaye: gorar lemo mai gas kawai, ban da ta ruwan sha don ba ta da kauri, ban da kwalba, ban da ƙarfe a hanci. A sa famfo mai geji, kada a wuce 50 a ma'aunin psi, tiyo ya yi tsawo, yara su ja baya.

Mai Shagon Siminti:
Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Makarantun da wasu ko kujeru babu, yara na zaune a ƙasa, a ce malami na ɓata lokaci da gorar lemo? Waɗanda ke yin wannan a Amurka sun ƙoshi ne. A koya wa yaro abin da zai ci abinci da shi.

Ɗan Autan Inna:
Alhaji, ni a ganina yaron nan shi ke da gaskiya. Duk wanda ya ƙirƙiro wani abu sai da ya yi kasada. Robert Goddard na Amurka da kansa ya haɗa rokarsa a 1926, ba wanda ya tsaya masa a kai. Mu kullum sai a ce kada ka taɓa, kada ka gwada. Haka za mu ƙare muna kallon bidiyon wasu. A bar yaro ya gwada mana.

Baffan Yara:
Ɗan Auta, zo in ba ka labari, don ni abin ya faru a gidana. Walda nake yi shekara sama da 30, na san ƙarfe. Ɗan ƙanena yana ɗan shekara 14 suka tara kan ashana shi da abokinsa, suka ɗura a guntun bututu, suka toshe gefe ɗaya. Ba ma wuta suka sa ba. Turawa yake yi da ƙusa don ya danƙare, sai abin ya tashi a hannunsa. Ina shago aka zo aka kira ni. Na tarar da shi zaune a ƙofar gida ya rungume hannun a cikin rigarsa, bai ma yi kuka ba, yana ta kallon ƙasa. Yatsu 2 suka tafi, wani ɓallin ƙarfe kuma ya shige masa ƙasan ido, saura ƙiris. Yau magidanci ne, har yanzu da hagu yake rubutu. Bututun ƙarfe da aka ɗura wa abin fashewa ba roka ba ne, ko wane suna ka ba shi. Malam, ka nemi kawun yaron nan ka yi masa magana tun kafin ya bayar.

Malamin Kimiyya:
Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba, Baffa. Gobe in sha Allahu zan je gidansu.

Injiniya 'Yar Funtuwa:
Allah ya ƙara masa lafiya, Baffa. Abin da ka faɗa shi ne ainihin tarihin wannan harka, kuma a nan amsar yaron take, Malam.

Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ran 4 ga Oktoba 1957, samarin Amurka sun rikice da son roka. Suka dinga yin daidai abin da ɗan ƙanen Baffa ya yi: bututu, kan ashana, hoda iri-iri a ɗakunan ƙarƙashin gida. Da yawa sun rasa yatsu da idanu, wasu sun rasa rai. Abin da ya ceci sha'awar ba haramci ba ne, kuma ba sakaci ba ne. Wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta sosai, ya ƙera ƙaramin inji da ake sakawa a roka a harba sau ɗaya a cire a sa wani. Ya aika wa G. Harry Stine, wanda ke aiki a filin gwajin makamai na White Sands. Stine ya ga mafita ce, ya kafa ƙungiyar masu sha'awar roka ta Amurka da ake kira NAR a 1957. Daga baya Vern Estes ya ƙera wata na'ura da ya raɗa wa suna Mabel, tana fitar da inji ɗaya duk daƙiƙa 5 da rabi. Daga nan yaro ya daina taɓa hoda. Aikinsa ya koma tsara jiki, yanke fiffike, lissafi da naɗe lemar sauka.

Ka ga wannan ƙaramin injin, jikinsa takarda ce da aka nannaɗe ta yi kauri, bakinsa yumɓu. Da gangan aka yi haka. In ya fashe, takarda ce za ta yage, ba ƙarfe zai watsu ba. Ga ƙa'idojin da kowa ke bi a filinmu: da lantarki ake kunnawa daga nesa, ba a kusantowa da ashana. Ana ƙirga 5 zuwa 1 da ƙarfi kowa ya ji. In an danna ba ta tashi ba, ba mai matsawa sai an jira daƙiƙa 60. In iska ta wuce gudun kilomita 32 a awa, an fasa. In ta maƙale a wayar lantarki, an bar ta ke nan. Kuma akwai mutum ɗaya mai kula da tsaro, shi ke duba kowace roka, in ya ce a'a to a'a ce, ko kai wane ne.

To ka faɗa wa yaron: mutanen da ya gani a bidiyo ba a sake su ba ne. Sun fi kowa ɗaure kansu da doka.

Ɗan Autan Inna:
To Anti, manyan fa? Na ga wata ta fi mutum tsawo. Ita ma takarda ce?

Injiniya 'Yar Funtuwa:
A'a, ƙanena, amma hawa-hawa ake yi. Injinan suna da haruffa, A, B, C haka, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi ƙarfi. Har zuwa G galibi ana saya ba tare da shaida ba. Daga H sai da shaida daga NAR ko ƙungiyar Tripoli. Mataki na farko, H da I, sai ka harba a gaban shaidu, rokar ta sauko da lema lafiya yadda za a iya sake harba ta. Mataki na biyu, J zuwa L, har da jarrabawar rubutu. Na uku, M zuwa O, sai ƙwararru sun bi aikinka tun daga zane. Manyan nan kuma sai hukumar jiragen sama ta FAA ta ba da izinin sararin wurin na wasu awanni. Haɗa man roka da kanka akwai masu yi, amma a Tripoli sai wanda ya kai mataki na biyu, kuma manya ne, ba yara ba.

Ni a karon farko na faɗi matakin farko. Na naɗe lemar da ƙarfi, ta fito amma ba ta buɗe ba, rokar ta sauko da sauri fiffike ɗaya ya karye. Dattijon da ke shaida ya ɗauko ta, ya juya ta a hannu, ya nuna mini inda igiyar ta sarƙe, ya ce in dawo wata mai zuwa. Wata 2 na yi ina gyara. Abin ya yi mini ciwo, amma tun daga ranar ban sake naɗe lema ba tare da na gwada buɗewarta a ƙasa ba.

Goddard da ka ambata kuma farfesan fiziks ne a Jami'ar Clark, ya shafe shekaru yana lissafi. Rokarsa ta ran 16 ga Maris 1926 mita 12 da rabi kawai ta tashi, cikin daƙiƙa 2 da rabi. Bayan gwajinsa na 1929 ya firgita maƙwabta, hukuma ta taka masa birki, ƙarshe ya koma Roswell a New Mexico inda babu jama'a. Na zamaninsa kuma ba duka suka tsira ba. Max Valier ya mutu a Berlin a 1930 lokacin da inji ya fashe masa, Reinhold Tiling ya mutu a 1933 tare da mataimakansa a wurin haɗa hoda. Waɗannan masana ne fa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Abin da Injiniya ta faɗa haka yake a Faransa, inda na yi karatu. Can ma hatsarin samari ne ya sa tun farkon shekarun 1960 aka hana matasa haɗa mai, hukumar sararin samaniyarsu, CNES, ta ɗauki nauyin ba da injin. Duk shekara ana taron da ake kira C'Space tare da ƙungiyar Planète Sciences a wani filin soja kusa da garin Tarbes. Ɗalibai su shekara suna gina rokarsu, a duba ta ciki da waje, sai ranar harbawa ma'aikacin hukuma ya zo ya saka injin da hannunsa. Ɗalibin ba ya ko taɓa shi.

A Afirka ma akwai. Jean-Patrice Keka a Kwango ya harba jerin rokokin da ya kira Troposphère, ta biyar ɗin a 2009 ta karkace ta faɗi. Jami'ar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu kuwa, rokarsu Phoenix ta kai kusan kilomita 18 a 2021, a filin gwaji na Overberg. Kuma Malam, ka faɗa wa yaron da ya ce ruwa wasan yara ne, 'yan Jami'ar Cape Town sun harba rokar ruwa da iska ta kai mita 830 a 2015.

Malamin Kimiyya:
Mita 830 da ruwa! Wannan zan rubuta shi a allo gobe da safe.

Mai Shagon Siminti:
Duk na ji, amma ba wanda ya amsa mini. Bayan an harba an tafa, sai me? Wa ya ci abinci da shi?

Injiniya 'Yar Funtuwa:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce maka duk mai wannan sha'awar yana samun kuɗi da ita ba. Yawancinmu kashewa muke yi. Amma Tom Mueller, wanda ya jagoranci ƙera injin Merlin na kamfanin SpaceX, a lokacin hutunsa yake haɗa injin roka tare da 'yan wata ƙungiyar sa-kai a Kalifoniya, a nan Elon Musk ya same shi. Peter Beck na New Zealand bai yi digiri ba, koyon aikin ƙira ya yi a masana'anta, yana gwajin roka bayan an tashi aiki. Ya kafa Rocket Lab a 2006, rokarsu Electron ta kai tauraron ɗan'adam falaki, wato inda zai dinga kewaya duniya, a Janairun 2018.

Amma ni ba su ne hujjata ba, don irinsu kaɗan ne. Hujjata yaron da zai auna abu da hannunsa, ya rubuta, ya canza abu ɗaya, ya sake aunawa. Wannan ɗabi'ar ko gini ya koma, ko gyaran sola, ko noma, za ta bi shi. Kai da kanka ka san bambancin birkilan da ke auna kwaɓi da wanda ke yi da ido.

Mai Shagon Siminti:
Wannan na ƙarshen kam na yarda da shi. Mai yi da ido ya sha jawo mana asara. Sauran kuma ina nan kan bakana, a fara da kujeru.

Baffan Yara:
A ƙara da wani abu. Halin tsaron da muke ciki ba irin na Amurka ba ne. Ƙara kaɗan a unguwa sai jama'a su watse. Yaro aka kama da bututu da albarushi, wa zai tsaya ya saurari bayanin kimiyya? Ko jirgi mara matuƙi a Nijeriya sai da izinin hukuma ake ɗaga shi, balle wannan. Ko na ruwan ma, Malam, ka sanar da shugaban makaranta da mai unguwa kafin ranar.

Ɗan Autan Inna:
Na ji, Baffa, na janye maganar albarushi. Amma har yanzu raina bai kwanta ba. Su suna da kantin sayen inji da ƙungiya da fili. Mu ba mu da ko ɗaya. To mai son ya wuce gorar lemo ina zai nufa? Kuma shin akwai wanda ba gwamnati ba da ya taɓa kaiwa sararin samaniya?

Injiniya 'Yar Funtuwa:
Akwai. Ana ƙirga farkon sararin samaniya daga kilomita 100. Ran 17 ga Mayu 2004 wata ƙungiyar sa-kai mai suna CSXT ta harba rokar GoFast daga hamadar Black Rock a Nevada, ta kai kimanin kilomita 116. Ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun haura 100 a 2019 da Traveler IV, a 2024 kuma Aftershock II ta kai kimanin 143. Wadda ta riga Traveler IV, a 2018, an harba ta ne kafin a kunna na'urorin cikinta saboda rashin fahimtar juna, ta tafi ba bayani ba lema, aikin shekara ya tarwatse. Sai dai ka sani, hawa sama a faɗo daban, shiga falaki daban. Falaki na buƙatar gudun kusan kilomita 28,000 a awa a gicciye, kuma ba wani ɗan sa-kai da ya taɓa yin haka.

Waɗanda suka fi burge ni 'yan Copenhagen Suborbitals ne a Denmark, tun 2008, da gudummawar jama'a suke aiki, ba mai karɓar albashi. A teku suke harbawa kusa da tsibirin Bornholm. Gwajinsu na 2010 bai tashi ba, domin bawul ɗin iskar oksijin mai ruwa ya daskare, na'urar busar da gashi da suka sa ta ɗumama shi ta rasa wuta. Suka koma gida suka dawo. A Agustan 2018 Nexø II ta kai kilomita 6 da rabi ta sauko da lema a ruwa. Shekara 10 ke nan da farawa.

Game da inda za ka nufa, ba zan yi maka ƙarya ba, hanyar a gida ƙunci gare ta. Hukumar sararin samaniya ta Nijeriya, NASRDA, tana da cibiyar binciken roka a Epe, jihar Legas, kuma ƙofar shiga irin wannan ta jami'a ce da hukuma, ba ta bayan gida ba. Kafin nan, sauke OpenRocket a kwamfuta, kyauta ce, za ka zana roka ta nuna maka tsakiyar nauyi da matattarar iska da tsayin da za ta kai. Koyi haɗa ƙaramar na'urar auna tsayi da Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake tsara masa aiki ta kwamfuta, ka sa ta a rokar ruwa, ka sa ta buɗe lema da kanta a ƙololuwa. Wallahi wannan kaɗai zai ci maka watanni, kuma shi ne ɓangaren da ya fi ba mu wahala a nan ma.

Ɗan Autan Inna:
Na gode, Anti. Ina da Arduino da na saya bara yana ajiye. Zan neme ki in na maƙale.

Malamin Kimiyya:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana 6. Na je gidan yaron, na zauna da mahaifinsa da kawun. Kawun ma bai san da maganar ba, ya ce zai mayar da kayansa cikin akwati mai kwaɗo. Na karanta wa yaron abin da Baffa ya rubuta, ya yi shiru ya daɗe. Sai na ba shi aikin mai kula da tsaro: shi ke duba kowace gora, shi ke korar yara baya, shi ke ƙirgawa.

Mun sa yumɓu, mun canza fiffike, mun rage ruwa. A gwajin igiya sai da muka ƙara yumɓu sau 2 kafin hanci ya ja gaba. Jiya da hantsi muka harba, ta miƙe sambal kamar an ja zare, har shugaban makaranta ya fito daga ofis. Wata yarinya ta tsaya mita 50 daga wurin da furotirakta da muka ɗaura wa zare da noti, ta karanta digiri 38. Da suka buga lissafin tanjan suka ƙara tsayin idonta, ya ba su kimanin mita 40. Yaran da ba sa son tirigonometiri su ne suka yi ta gardama a kan ko 38 ta gani ko 40.

Yanzu sabuwar matsala: tana faɗowa da ka kamar mashi, hanci 2 sun riga sun lotse. Injiniya, ledar shara baƙar nan za ta yi lema? Kuma yaya za a yi ta buɗe sai ta kai sama?

Injiniya 'Yar Funtuwa:
Masha Allah, Malam, ka gaishe mini da su, musamman mai furotirakta. Ledar za ta yi. Yanka ta da'ira mai faɗin kamar rabin mita, igiya 8 masu tsawo ɗaya, a ƙarfafa bakin kowace da salatif, a barbaɗa mata hoda kada ta manne. Mafi sauƙi, kada ka manne hancin, ka ɗora shi sako-sako a kan ɗan gammo yadda zai zame da kansa in ta juyo, amma ka ɗaure shi da zare kada ya faɗo wa wani, tunda yumɓun na ciki. Sau da yawa zai zame da wuri ko ya ƙi zamewa, sai kun yi ta daidaitawa. Turo mini hoton hancin daga gefe in ga yadda ya zauna.

Baffan Yara:
Malam, in kana so in ƙera muku matsayin harbawa mai ƙafa 3 da maƙalli da ake ja da igiya daga nesa, turo mini faɗin wuyan gorar ta akwatin sirri. Ina da ragowar ƙarfe a shago, ba sai kun biya ba.